Ƙasan Takarda

Ikilima ta yi saurin rage sautin saƙon muryar da ya shigo wayarta, amma mahaifinta, Malam Nata'ala, ya riga ya ji. Tun da yanar ido ta fara rufe masa gani, kunnensa ya ƙara kaifi.

Suna zaune ne a benci a ƙofar sashen ido na wani asibiti a Dutse. Likita ya ce a yi aiki kafin ɗaya idon ma ya rufe. Albashinta na koyar da Turanci a Kiyawa ba zai kai ba, gero kuma bai nuna ba tukuna.

"Muryar Uwaisu na ji," in ji Malam.

"Shi ne, Baba."

Rabon da ya ambaci sunan babban ɗan nasa tun shekarar da Uwaisu ya ƙi karɓar makarantar allon gidansu ya tafi aikin kamfani a Fatakwal. Ran nan Malam ya ce ko kwabonsa kada ya shigo masa gida.

"Da Hausa ya fara, da ya zo ƙarshe sai ya koma Turanci. Me ya ce?"

Ta san Yaya Uwaisu: abin da ya yi masa nauyi a baki, da Turanci yake faɗa.

"Cewa ya yi zai yi *foot the bill*. Wato shi zai biya kuɗin aikin."

"Fut ɗin nan ba ƙafa ba ce? Na ji likitoci suna faɗa."

"Ita ce. Amma ƙasan takarda ma haka suke kiransa. A da, in ɗan kasuwa ya jera farashin kaya, sai ya haɗa jimla a can ƙasa. Haɗa jimlar ake nufi da farko. Daga baya maganar ta koma kan wanda ya ɗauki nauyin biya."

Malam ya gyara zama. Duk rayuwarsa a bin asalin kalmomin Larabci ya yi ta, ko yanzu sai da abin ya ja hankalinsa.

"Wato bai tambayi abin da ke sama ba. Na ƙasan kawai ya ce a ba shi."

"Bai ma tambayi ko nawa ne ba, Baba."

Ya ciro carbi yana murzawa. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira wani suna, ta koma. Ikilima ta fara shirya yadda za ta gaya wa yayanta a hankali cewa an ƙi.

"Yana da ƙiba yanzu?" Malam ya tambaya.

"Ya ɗan yi. Har furfura ta fara fito masa a gemu."

"Uwaisu? Furfura?"

Ya sa carbin a aljihu, ya lalubo sandarsa.

"Ki ce ya biya. Ki kuma tambayi likita ranar da za a kwance min bandeji, ki gaya wa Uwaisu. Ya zo ya tsaya ta gefen dama, idon dama za a fara buɗewa."