Gungumen ulin

Ƙafafun maƙwabcina Masrani kawai nake gani, sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa. Ina tsaye da kofin gahawa ina ba ƙafafun labari.

"Julak, labarin kadan nan ai jiya ma ka ba ni," in ji shi daga ƙasa. "Jiya a ƙafa ya kama ka, yau kuma a cinya?"

"Kai yaro, kadan ne ya ƙara girma. Yi aikinka."

Ni ne Basran, duk layinmu na bakin kogi a Banjarmasin Julak ake ce mini, wato babban kawu. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu motar da ban kwanta a ƙarƙashinta ba. Jirgin katako ya kife da ni na fito. Zarto ya cinye mini yatsu biyu, na ɗaure da tsumma na ƙarasa aikina. Mota kuwa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi mini ba, albarkacin gungumena na itacen ulin, wanda ko ƙusa ba ta shigarsa. Ni ban yarda da jak ba. Jak ɗagawa yake yi, gungume ke riƙewa. Da safen nan da hannuna na shimfiɗa wa maƙwabcin nawa faffaɗan katako, na ɗora gungumen, muka sauke motar a kansa, sannan muka cire tayoyin gaba.

Rak ɗin sitiyarinsa, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, shi ne ya mutu, motar tana tangaɗi a titi kamar mashayi. Gobe kuma zai kai abincin sadakar cikar shekarar mahaifinsa ƙauye. Na je azahar, na ɗan kishingiɗa, na dawo. Daga bayan gida ina jin matarsa Hamsiah tana saran agwagi, ƙwas, ƙwas. Kogi kuma ya fara hawa, ina jinsa yana lasar ginshiƙan gidaje. A garin nan simintin ƙofar gida ɓawon ƙwai ne a kan taɓo, in ruwa ya hau ƙasan sai ya koma kunu.

"Noti ɗaya ya rage, Julak, ya ƙi."

"Ɗiga masa mai, ka bar shi ya sha."

"Ƙarfi yake so, irin naka na zamanin kada."

Na buɗe baki zan rama, sai ya ja sifana. Na ji wani ɗan ƙas, kamar an karya biskit. Motar ta sunkuya, ta zauna.

Bai yi ihu ba. Silifansa ɗaya ya zame ya faɗi.

"Masrani? Masrani, bar wasa!"

Ban san lokacin da kofin ya bar hannuna ba. Muryata ce ta fito da mutane, daga masallaci, daga shagon shayi, wasu ko riga babu. Aka cusa gora ƙarƙashin motar aka danna, gorar ta lume a ƙasa. Aka kama motar da hannu aka ɗaga. Ni da na taɓa rungumar inji ni kaɗai, yatsuna suka ƙi rufuwa a kan ƙarfen.

Da aka jawo shi, fuskarsa tas, babu jini. Idonsa a buɗe, sifanar tana hannunsa. Liman ya sa kunne a ƙirjinsa, ya daɗe, ya ɗago yana salati.

Na durƙusa na leƙa. Katakon yana nan an ture shi gefe. Jak ya fasa siminti ya nutse har wuya.

"Ina gungumena? Wa ya taɓa mini gungume?"

Hamsiah tana tsaye a bayanmu, adda a hannunta, gashin agwagwa a gwiwar hannu.

"Julak, shi ya ce in ɗauka," ta ce, a hankali, kamar mai neman izini. "Katakon sarana ne ya tsage. Shi ya ɗaga motar da jak ya zaro mini. Ya ce noti ɗaya ne, jak ya isa. Julak, ai noti ɗaya ne?"

 

Agwagin da aka yanka don mahaifinsa, masu gaisuwarsa ne suka ci.

Washegari da muka dawo daga maƙabarta na tarar da gungumen a ƙofata, an wanke shi, yana bushewa. Duk saran da ya sha, ɗan zane-zane ne kawai a kansa. Kogi ya sauka. Ramin jak ɗin cike yake da ruwa, ƙananan kifaye biyu suna zagaya ƙarfen.