Kwanon Manaja

Kuku yana durƙushe, kansa a ƙarƙashin gado, yana ta lallashin kyanwa ta fito, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ɗago da sauri, ƙeyarsa ta daki katako. 'Yar yayarsa ce ke kira daga asibiti. Ta ce likitoci sun gama zagaye, an sallami Mama, da yamma za ta kawo ta gida. Ta ƙara da cewa tun safe Mama ba ta da zance sai na Manaja.

Ya yi godiya ga Allah, kuma har zuciyarsa ya yi, don ya ga yadda aka shiga da Yaya ɗakin tiyata. Amma yana ajiye wayar ya sake leƙa ƙarƙashin gadon.

Manaja ita ce kyanwar. Tsohuwa ce, ruwan toka, haƙoranta sun zube saura 'yan kaɗan. Yaya ce ta raɗa mata sunan, saboda yadda take hakimcewa a kan kujera tana bin kowa da ido alhali ba ta tsinana komai. Tun da mijin Yaya ya rasu, 'yarta kuma ta koma gidan nata mijin, su biyu ne a gidan. Da ita Yaya take hira, ita take yi wa faɗa, ita take gaya wa abin da maƙwabta suka yi mata. Ranar da ciwon ciki ya kayar da Yaya, a kan gadon turawa ta kamo hannun ƙanen nata ta danƙa masa makulli. Ta ce abincin Manaja yana cikin kabad, na gwangwani, mai laushi, don ba ta iya tauna busasshe. Ba ta kai ga faɗin yawan da ake ba ta ba aka tura ta ciki.

Shi kuwa bai ga abin tambaya a nan ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ciyar da ma'aikatan masana'anta, shi za a koya wa zuba abinci? A ɗakin cin abinci na wurin aikinsu kowa ya san hannunsa. Ma'aikata sukan bar layin abokin aikinsa su tsaya a nasa, don Kuku in ya zuba sai ya danna ya ƙara. A wurinsa mutum ya tashi daga cin abinci yana waige-waige, wannan abin kunya ne ga mai girki.

Saboda haka da safen farko ya buɗe babban gwangwani, ya kife shi gaba ɗaya a kwano, ya gyara samansa da bayan cokali. Manaja ta ci kamar ba gobe, shi kuma ya tafi aiki yana jin daɗi. Da ya dawo ya tarar ta yi amai a kan tabarmar ƙofa. Ya ce kewar uwar ɗakinta ce. Washegari sauran abincin ya bushe ya yi duhu a sama, kuma Kuku ba ya zubar da abinci, ba a taɓa jin ya yi ba. Sai ya buɗe sabo, ya zuba a kan tsohon, ya juya. Ya kulle tagogi saboda ɓarayi, ya bar gidan yana dahuwa da zafi har yamma. Da ya ga cin nata yana raguwa, sai ya yi abin da ya iya, ya sauya mata kwano babba ya ƙara tulawa. Tun shekaranjiya ba ta ko kalli inda kwanon yake ba, ta shige ƙarƙashin gado ta yi shiru.

Kullum da yamma in ya je dubiya, Yaya takan tambaye shi ko Manaja tana ci, da muryar nan tata da ba ta gama dawowa ba. Yakan ce ta kwantar da hankalinta, kwanon ba ya rabo da abinci. Ina zai iya tayar wa mai sabon ɗinki hankali?

Ya miƙa hannu ya jawo kyanwar. Ba ta yi yaƙushi ba, ba ta yi ƙara ba, kuma wannan ya fi komai ba shi tsoro, don a ranar farko sai da ta zana masa farce a bayan hannu. Ya ji ta sakayau. Ya nemo kwali ya huda shi da wuƙa, ya shimfiɗa tawul, ya sa ta ciki. Ya kira abokin aikinsa ya roƙe shi ya riƙe masa tukunyar rana. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya rufe kwanon abincin da leda ya ɗaure, ya haɗa da gwangwani ɗaya da ba a buɗe ba. Ya riga ya yanke hukunci cewa abincin ne ba shi da kyau, kuma yana so likita ta gani da idonta.

Bas ta zo a cike. Kwandasta ya dubi kwalin ya ce a ajiye a baya wurin kaya, Kuku ya ce ba kaya ba ne, mara lafiya ce. Wata mata mai kwando ta matsa masa, ya zauna ya ɗora kwalin a cinya. Duk inda motar ta faɗa rami sai ya ɗaga kwalin sama da hannu biyu. Lokaci-lokaci yana zura yatsa ta hudar, ya taɓa gashin, ya tsaya har sai ya ji haƙarƙarin ya motsa. Matar ta tambaye shi ko tasa ce, ya ce ta yayarsa ce, amana ce. Yana ta hango Yaya tana shigowa gida a hankali, tana dafe da ciki, tana kiran suna babu mai fitowa. Bai san da bakin da zai gaya mata ba.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, yana warin maganin wanke ƙasa. A kan benci akwai wani mutum da karensa mai bandeji a ƙafa, kare ya miƙo hanci wajen kwalin, Kuku ya juya masa baya. Da layi ya zo kansa ya shiga. Likitar matashiya ce mai tabarau, ba za ta girmi 'yar yayarsa ba. Ta ɗora Manaja a kan sikeli, ta buɗe bakinta ta duba dasashi, ta ja fatar wuyanta ta saki tana kallon yadda take komawa, ta lalube cikin a hankali. Kuku kuwa zufa ta jiƙa masa riga.

Da ta tambayi abin da kyanwar take ci, ya ajiye gwangwanin a kan tebur, sannan ya kwance ledar kwanon kamar mai gabatar da shaida. Likitar ta leƙa, ta ja da baya, ta toshe hanci da bayan hannu.

"Baba, wannan na yaushe ne?"

"Na yau ne a sama. Na ƙasa kuma na sauran kwanakin."

"Kullum nawa kake ba ta?"

"Gwangwani guda da safe. In na dawo na ga ta ɗan taɓa, in ƙara mata."

Likitar ta cire tabarau ta goge shi da gefen riga, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta tambaye shi aikin da yake yi. Da ya gaya mata sai ta gyaɗa kai, ta ce yanzu ta gane.

Ta ce abincin lafiyarsa ƙalau. Cikin kyanwa bai fi ƙwai girma ba, kuma wannan babban gwangwanin, ga tsohuwa mai nauyin Manaja, ya kusa isarta kwana biyu. Ranar farko ta cika ciki fiye da kima, shi ya sa ta amayar. Bayan haka kuma, abinci mai ruwa-ruwa ba ya jure zama a buɗe cikin zafi, nan da nan yake juyawa, hancin kyanwa kuwa yana jin abin da namu ba ya ji. Duk sabon da ya zuba a kan tsoho ya lalace tare da shi. Ta ɗan ci, cikinta ya ɓaci, daga nan ta tsani kwanon gaba ɗaya. Wato tana zaune da yunwa ga abinci tuli a gabanta.

Kuku ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tambaya a hankali ko za ta tashi.

Likitar ta ce ya yi sa'a da ya kawo ta yau, don kyanwa in ta daɗe ba ta ci ba hantarta takan taɓu, a nan ne ake shan wahala. Yanzu dai ruwan jikinta ne ya ragu. Ta yi mata allurar tsayar da tashin zuciya, ta ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata, ta ce su ɗan jira a waje. Ya koma benci ya zauna da kwalin a cinya, yana kallon agogon bango yana lissafin inda Yaya take yanzu, ko an gama haɗa mata kaya.

Da aka sake kiransa, likitar ta buɗe gwangwanin da ya zo da shi, ta ɗebi cokali ɗaya ta sa a ɗan faranti mai faɗi, ta zuba ɗigon ruwan ɗumi ta dama. Kuku ya dubi abin da ke farantin, ya kasa haƙuri.

"Likita, wannan ai ko lasa bai kai ba."

"Tsaya ka gani, Baba."

Manaja ta daɗe a kwance. Can ta miƙo wuya, ta shinshina, ta kau da kai. Kuku ya rufe ido. Sai ya ji wata 'yar ƙara, lak, lak, lak. Ya buɗe ido ya ga harshen yana aiki, farantin yana matsawa a kan ƙarfen tebur tana bin sa. Ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Wani irin sanyi ya ratsa shi, ya ji hawaye a idonsa bai kuma damu ya ɓoye ba, shi da furfurarsa, a gaban yarinya.

Da ta sharce farantin ya miƙa hannu wajen gwangwanin, likitar ta riga shi ɗauka. Ta ce cokali biyu a lokaci guda, sau uku ko huɗu a yini, yau kam kada ya kai sau ukun. In ta ci ta tashi, a ɗauke farantin a wanke, abin da ta bari a zubar. Ta maimaita masa a zubar ɗin, tana kallonsa ta saman tabarau. Sauran a juye a mazubi mai murfi a sa a firji, in za a ba ta a ɗan ɗumama. In ta ƙi ci gobe ya dawo da ita.

A hanyar komawa kwalin har motsi yake yi, wani lokaci ma a ji ƙorafi daga ciki. Kuku bai taɓa jin kukan kyanwa ya yi masa daɗi haka ba.

Yana isa gida ya buɗe tagogi duka, ya wanke tabarmar ƙofa, ya goge ƙarƙashin gado. Babban kwanon ya juye shi a shara, ya tsaya yana kallon abincin da ya zubar da hannunsa, sannan ya rufe murfin. Ya ɗora wa Yaya romo mara yaji a wuta. Rana ta yi sanyi lokacin da ya ji tsayuwar mota.

Yaya ta shigo tana jingine da 'yarta, taku ɗaya-ɗaya, ta rame, gyalenta ya yi mata yawa. Ko zama ba ta yi ba ta fara kiran suna. Manaja ta fito daga ɗaki a hankali, ta tsaya a tsakar falo ta ƙare mata kallo kamar mai tambayar ina aka je ba izini, sannan ta zo ta goga kai a ƙafarta. Aka zaunar da Yaya a kujera, kyanwar ta hau gefenta. Yaya ta shafa bayanta, ta ce ta ɗan faɗa, amma ai su biyun duka sun faɗa.

Lokacin ciyarwa ya yi. Kuku ya fito da farantin shayi, ya auna cokali biyu, ya share saman kowanne da wuƙa don kada ya yi tozo. Yaya tana kallonsa daga kujera. Ta juya ga 'yarta.

"Kin gani? Ina kwance a can ina ta fargaba, na ce wannan ƙanen nawa zai tula mata irin na ma'aikatansa ya kashe mini ita. Ashe ya sani."

Kuku ya ajiye farantin a ƙasa, ya miƙe yana goge hannu a riga.

"Akwai labari, Yaya. Amma bari a cire miki zare tukuna."

Ta dube shi. Ita ta goya shi yana yaro, ba ta buƙatar ƙarin bayani. Ta dubi kabad ɗin da ya bari a buɗe, inda gwangwanayen da ta tara na wata guda suka koma 'yan tsiraru. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta dafe cikin da hannu biyu, tana dariya tana cije leɓe, tana cewa ya fita ya ba ta wuri kafin ya mayar da ita asibiti.

Ya koma kicin. Bai daɗe ba Manaja ta biyo shi, ta zauna a bakin ƙofa tana lasar baki, ta ɗaga kai ta yi masa kuka. Hannunsa har ya kai kan cokali. Ya tsaya, ya danna murfin mazubin, ya sa a firji ya rufe.

"Sai an jima, ranki ya daɗe," in ji shi.