Dutsen Taimama

Zalika ta gaji da gaya wa mutane cewa abin nan ba dutse ba ne. Shekara da shekaru tana faɗa, a gida da cikin taksi, har a wurin biki: wata dabbar teku ce mai kwanso a naɗe kamar katantanwa, ammonite sunanta, ta rayu zamanin da ruwan gishiri ya rufe ƙasar Damargu, kuma irinta ya ƙare ƙaf tun babu ɗan Adam. Sai a yi mata dariya, a ce karatu ya yi mata yawa.

Guda ɗaya ta tono wadda ba ta fashe ba, a kanta duk kundin digirinta ya rataya. Ta kawo ta gida a unguwar Yantala don ta zana ta, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kada mahaifinta, Malam Abdulrazak tela. Daga nan kullum tana kan gadar kogin da ya raba gida da makaranta, safe jami'a a Lamordé, yamma jinya. Ta rame, ta manta da zane, barci ma a tsaye take yinsa.

Ranar da malaminta ya ce ta maido abin a ɗauki hotonsa, ta birkice ɗaki ba ta gan shi ba. Can ta hango shi a gefen katifar Baba, yana sheƙi saboda shafa. Ashe tun da alwala ta gagare shi, innarta Zuwera ta ɗauko masa shi yana taimama da shi.

Ran Zalika ya ɓaci, bakinta kuma ya riga hankalinta.

"Haba Inna! Wannan fa ba dutse ba ne, dabba ce da ta mutu!"

Baba ya juyo da ƙyar.

"Dabba? Ɗiyata, mushe ke nan? Duk sallolin da ni yi tun da ni kwanta, da mushe ni yi su?"

Mutumin da bai taɓa yin kuka a gabanta ba, ko ranar da ya kasa riƙe almakashi, ga shi hawaye na gangara cikin kunnensa. Tausayinsa ya kama ta. Ta san naman ya ruɓe tun fil azal, laka ta cika kwanson ta daskare, ba abin da ya saura sai siffa. Amma wannan dogon bayani ne, Baba kuwa ba shi da ƙarfin dogon bayani, ga kiran la'asar ya fara shigowa ta taga.

Ta durƙusa, ta ɗauki abin. Tsagogin da za ta auna sun soma lafewa daidai inda tafinsa ke bi.

"Gaya mini gaskiya, ke kika yi karatunshi," in ji Baba.

Zalika ta dube shi.

"Dutse ne, Baba. Suɓul da baka na yi. Dutse ne kawai."

Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙo hannunsa mai lafiya. Ta tallafo masa shanyayyen, ta ɗora su biyu a kan dutsen, ta riƙe shi da kyau don kada ya zame.