Ciyawar Gaɓar Elkanah

Akwai mugun hali irin na mai jin kunyar abin gidansu a gaban baƙo. Shi ne ya ci Elkanah Deveaux, mutumin wani ɗan tsibiri a Bahamas, inda in jirgin baƙi bai sauka ba, tukunya ba ta hawa wuta.

Ubansa ya bar masa gaɓar teku, shi kuma ya gina ɗakunan haya uku a bakinta. Da azahar yakan kwanta a ragar lilo tsakanin itatuwan kwakwa, ido rabi a rufe, yana kallon ruwa. A ƙarƙashin ruwan akwai doguwar ciyawa, tana kwanciya tana tashi kamar mai gyangyaɗi. Kunkuru na kiwo a cikinta, katantanwa na jan jiki a hankali. Shi kuwa ba su yake gani ba. Farin rairayi yake gani a ransa, shimfiɗe har inda sama ta sauko ta taɓa teku, baƙi na yawo a kai kamar balbelu.

Ran nan wata baƙuwa ta fito daga ruwa tana yatsina fuska, wai wani abu mai santsi ya lashe mata ƙafa. Ba ta ƙara kwana ba. Elkanah ya ji kamar tsirara aka gan shi. Ya ɗauko hayar masu kwale-kwale, suka riƙa jan sarƙa a ƙasan ruwa suna tumɓuke ciyawar.

Yayarsa Ismae, mai sayar da kwaɗon katantanwa a bakin hanya, ta iso ko wuƙa ba ta ajiye ba.

"Kai Elkanah, aski kake wa teku? Biki za ta?"

"Yaya, koma kan lemon tsaminki. Baƙi ba sa son ƙazanta."

"Ƙazanta? Saiwar nan ce ke riƙe da ƙasar da kake tsaye a kai, sakarai. Baba ko angar tsayar da kwale-kwale ba ya jefawa a cikinta."

"Baba da wando ɗaya ya mutu."

"To, kai ka tanadi na iyo," in ji ta, ta juya.

Ba za a yi ƙarya ba, kakar nan wurin ya yi kyau. Ruwa garau kamar ba ruwa, kwale-kwale sai ka ce a iska yake rataye. Baƙi suka cika ɗakuna, Elkanah na lilo yana murmushi cikin barci.

Ba guguwa aka yi ba. Teku dai ta riƙa zuwa a natse, kowace igiyar ruwa ta ɗebi tafi guda na rairayi ta koma. Yakan farka ya ga ruwa ya matso, ya ce magagi ne, ya sake rufe ido. Sai saiwar kwakwa ta fito fili. Sai baƙin dutse mai kaifi ya leƙo daga inda baƙi ke shimfiɗa tawul. Ya yi ta dasa ciyawa da hannu, ruwa na maido masa da ita bakin ƙofa.

Ga abin da ya rasa. Rairayin duka. Itatuwan kwakwar da ubansa ya shuka, har waɗanda ke riƙe da ragarsa. Ɗaki biyu sun zube cikin ruwa, na ukun shi ke kwana a ciki. Katantanwa ta ƙaura, Ismae ta rufe rumfarta ta koma birni wankin zannuwan otal, ba ta kuma ɗaga wayarsa.