Yaran da Inji Ya Ce Ba Su da Uwa

Wada mutumin Dogo-Dogo ne, amma in ka gan shi a Yamai cikin shekarar 1979 ba za ka ce ya taɓa riƙe hauya ba. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Magaria, ya wuce Damagaram, daga can aka tura shi Faransi ya koyo aikin injin nan mai ƙwaƙwalwa. Da ya dawo, wani biro, wato ofishi, mai kula da lafiyar yara ya ɗauke shi ya danƙa masa injinsa. Ɗaki guda aka ware wa injin, tagogi a rufe, sanyi kamar cikin randa. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da goro. Bayin Allah suna gumi a waje, ƙarfe yana shan iska a ciki. Wada kuwa, duk da kullum yana shiga, bai taɓa tura ƙofar nan ya ji fayafayan suna juyawa ba sai tsikar jikinsa ta tashi.

Abin da injin ya ajiye kashi uku ne, kamar rumbuna uku a gida ɗaya: na garuruwa, na iyaye mata, na yara. Ajiyar ba ita ce abin mamaki ba, ai ko tururuwa ta iya ajiya. Abin mamakin shi ne yadda yake ƙulla zumunci tsakanin rumbunan. Kowane yaro yana ɗaure da uwarsa, kowace uwa tana ɗaure da garinta. Sai ka ce masa, "Fito mini da yaran gari kaza waɗanda ba a yi wa allurar ƙyanda ba, da sunayen iyayensu," kafin ka gyara zama ya fara zubo amsa. Aikin Wada shi ne ya ciyar da shi katuna, ya kwafe abin da ke cikinsa a kan zare irin na kaset saboda tsaro, ya kuma lura kada wani ƙulli ya kwance.

Doka ɗaya injin yake da ita wadda ba ya karyawa: yaro ba ya zama a cikinsa sai da uwa. Dalili kuwa, a hannun uwa ake sa katin allura da garin madara. Sunayen yara, masu gari ne suke ba da su. Iyaye mata kuma ma'aikatan lafiya suke bi suna tambayarsu sunayen 'ya'yansu. Injin sai ya gwama biyun.

To, bayan kaka aka zuba masa katunan ƙasar Magaria da Dungas, sai ya ƙi haɗiye su duka. Ya tofo yara ɗaruruwa a kan doguwar takarda, kowanne ya rubuta masa a gefe cewa ba shi da uwa.

Wada ya fara da zargin injin, kamar yadda mai jaki kan fara da dukan jaki. Ya goge kawunan da ke karanta fayafayai. Ya sauya faifai. Ya dawo da tsohon kwafi daga zare ya sake zuba katunan tun daga farko. Ya zargi wutar lantarki, ya zargi zafi, ya zargi 'yan matan da ke huda katuna, daga baya ya koma ya ba su haƙuri da kwalaben lemo. Duk sanda ya sake tambaya, yaran nan dai su injin yake tofowa, bai ƙara ɗaya ba, bai rage ɗaya ba.

Direktan biro ya kira shi. Mutum ne mai kirki, sai dai duniya ta koya masa shakka. Ya yi masa kira irin na Faransawa, ya ce, "Mushe Wada, injinka lafiya lau yake. Masu gari ne suka ƙaro sunaye don madara ta yi yawa. Yaron da babu macen da ta ce nata ne, ai babu shi. Goge su mu huta."

Gogewar ba ta fi danna 'yan maɓallai ba. Amma Wada ya san yaron da aka goge ba za a buga masa kati ba, wanda ba shi da kati allura ba za ta kai gare shi ba, ga shi ƙyanda da zafi take shigowa. Ya ga abin da ta yi a garinsu yana ƙarami, ya ga 'yan ƙananan kaburbura a jere. Hannunsa ya ƙi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. A bar ni in je in gani da idona."

Kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kai shi Damagaram, wani ya kai shi Magaria. A dispansar, ƙaramin asibitin garin, ya sami Kyari, ma'aikacin lafiyar da ya yi aikin tambayar mata, dogo, mai yawan dariya. Suka shiga motar aiki suka nufi Dogo-Dogo, yashi yana riƙe tayoyi suna sauka suna turawa.

A ƙofar mai gari Wada ya warware takardarsa ya roƙi a kira masa waɗannan sunaye. Aka fara kira. Sai ga yara suna fitowa daga lunguna, wani da ragowar fura a baki, wata da tulu a ka, wani ya baro awaki ya sheƙo a guje. Wada ya tsaya yana kallo. Baƙaƙen da ya daɗe yana harara a ɗaki mai sanyi, ga su da ƙafafu da majina. Babu na ƙarya ko ɗaya.

Ya ce wa Kyari, "Nuna mini yadda ka yi tambayar."

Suka je bakin rijiya inda mata suke. Kyari ya kira wata mai suna Fadi, matar wani makiyayi da ke noma a gefen gari. Wata yarinya da aka kira ɗazu, Indo, tana tsaye kusa da ita goye da jariri. Wushiryarsu iri ɗaya, goshinsu iri ɗaya.

"Fadi, 'ya'yanki nawa?"

"Biyu," in ji ta. Ta faɗi sunan jaririn, ta faɗi sunan wani ɗan yaro da ke riƙe da zanenta.

Wada ya nuna Indo. "Wannan fa?"

Fadi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Yarinyar gidanmu ce."

Matan rijiya suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan ɗan boko da neman magana! Wa ya taɓa sa mace ta ƙirga 'yar fari?"

Nan take Wada ya ji kamar an kwara masa ruwan guga. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da duk yaron garin nan ya sani tun yana rarrafe, shi ya tsallaka teku ya dawo ya manta. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sa shi a lissafi, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Ya dubi Kyari. Kyari ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wa bai san kunyar fari ba? Amma ni an ce in rubuta abin da uwa ta faɗa. Abin da ta faɗa na rubuta."

Wada ya sake duban takardar. Ashe injin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ƙarfen da bai taɓa shan nono ba, bai san kara ba, bai san Magaria gabas take ko yamma ba, ya bi ƙasa guda gida-gida ya tsamo 'ya'yan fari ya ware su gefe. Duk inda wata mace ta haɗiye suna don kunya, ya ji wurin da shirun yake. Wada ya ce, "Allahu Akbar," a hankali, ya maimaita. Tsoro ya kama shi, irin wanda kan kama mutum in ya leƙa rijiya mai zurfi ya hango kansa.

Ya koma Magaria ya buga talho, wato waya, zuwa Yamai. Direkta ya ce, "Na ji, kuma na yarda akwai wannan al'ada. Amma masu ba mu magani ba su san ta ba. Maganar mai gari ba za ta wanke mai gari ba. Kowace uwa ta nuna nata a gaban ma'aikaci, a ƙulla su a inji, in sa hannu. In wata ya ƙare ba a yi ba, ba ni da yadda zan yi."

Wada ya ajiye talho. Yaya za a sa mace ta nuna abin da duk tarbiyyarta ta hana ta nunawa?

Da la'asar ya dawo Dogo-Dogo ya shiga gidansu. Shi kansa ɗan fari ne. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, a ɗakinta ya girma. Mahaifiyarsa Hinda ba ta taɓa kiran sunansa ya ji ba. Ya san al'ada ce, amma sani bai hana ciwo ba. A Faransi ya ga tsofaffin mata suna rungume ƙartin 'ya'yansu a tashar jirgi, ya ji kishi. A can ƙasan ransa ya daɗe da yanke cewa Hinda ta fi son ƙannensa, shi ya sa ma yake jimawa bai zo gida ba.

Ya tarar da ita a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa tare da ƙanwarsa Balki. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa wa ƙwaryar da ke gabanta. Ya zauna ya kwashe labarin duka ya gaya wa Balki, da ɗan ƙarfi yadda na kusa zai ji: injin, da yaran, da ƙyanda, da abin da direkta ya ce.

Hinda ta ci gaba da ɓara har ya gama. Sannan ta ce, "Balki, ki ce wa baƙon nan aikinsu da wauta. Su suna son baki ya faɗa. Baki ba zai faɗa ba, ko za a yanka shi."

"To Inna, yaya za a yi?" in ji Balki.

"A tara matan. A zo da yaron a tsayar a gabansu a kira sunansa da ƙarfi. Duk macen da ba ta haife shi ba za ta dube shi, mene ne nata a ciki? Su nemi wadda ta kasa."

Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Ki kuma ce masa akwai fura a ɗaki. Ya rame."

Washegari da hantsi mai gari ya sa aka yi shela. Mata suka taru a inuwar gawo, tsofaffi suka zo kallo suka zauna a gefe. Kyari ya buɗe katunansa a kan gwiwa. Aka tsayar da Indo a tsakiya, Wada ya kira sunanta da ƙarfi. Idanu suka yo kanta caa, wasu suna murmushi, wasu suna tsokanarta. Fadi kaɗai ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zanen da ba abin da ya same shi. Kyari ya ce, "Gani ya kori ji," ya rubuta nimeron Fadi, wato lambarta, a katin Indo.

Haka aka yi ta yi. Yaro ya fito, a kira suna, taro ya dube shi, fuska guda ta kau. Wata ta dubi sama kamar tana neman hadari a rani. Wata ta shiga faɗa da ɗan akuya. Wata har ta juya baya gaba ɗaya, kafaɗunta suna motsi. Ba wadda ta yi magana, ba kuma wadda aka yi kuskurenta. Yaran da kansu suka gane wasan. Kowanne in ya ga tasa ta kau da kai sai ya washe baki ya koma yana taƙama. Wada yana kira yana kallo, bai taɓa ganin so a fili irin na ranar ba. Ya san gobe za su yi haka a Kwaya, jibi a Bande, har takardar ta ƙare.

Da aka sallami yaro na ƙarshe, Kyari ya rufe katunansa. Shi da ba ya barin raha ta wuce, sai ya kama hannun Wada ya jawo shi tsakiyar fili.

"Saura maraya ɗaya!" Ya ɗaga murya. "Wada! Wada na Dogo-Dogo!"

Wuri ya ɗauki shewa. Mata suka dube shi, yara suka dube shi, tsofaffin da ke gefe suka ɗago suna dariya suna nuna shi da baki. Wada ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. A can ƙarshen layi Hinda ta juyar da fuska ga katangar kara, ta kama bakin mayafinta ta danne da haƙori, hawaye yana bin kumatunta.