Kujerar Maƙogwaro

A gidan rediyon, Yallabai ake ce masa idan yana tsaye, Maƙogwaro idan ya juya baya. Shi ke karanta labaran yamma tun kafin a ɗauki yawancin ma'aikatan aiki, kuma ko maƙiyansa, wato sauran ma'aikatan duka, sun yarda Allah ya ba shi murya. Idan ya ce farashin taki ya tashi, sai ka ji kamar kai kaɗai ya zo yi wa jaje.

Editar labarai ƙanwar matarsa ce. A gida tana ce masa Yaya, a ofis Yallabai. Shi kuwa ko'ina Auta yake ce mata, har a gaban baƙi, duk da furfurar da ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Yana da dokokinsa. Takardun labarai sai an kai masa ofis da wuri ya kulle ƙofa, wai don ya wanke ƙazantar da aka rubuta. Ba mai shiga ɗakin karatu tare da shi. Abin kunnen da ake yi wa mai karatu magana da shi daga ɗakin injuna kuwa tuni ya sa aka cire.

"Wa zai raɗa mini?" ya ce. "Injiniya? Mutumin da ko sallama zai yi sai ya yi tuntuɓe a tsakiya?"

Edita kaɗai ta san dalilin dokokin. Yayarta ce ta faɗa mata a kicin, bayan ta sa ta rantse. Yanar ido ce ta rufe masa gani. Idan ya kulle ƙofa, madubin ƙara girman rubutu yake ɗaukowa, ya bi kalma kalma har ya haddace, sannan ya shiga ɗakin karatu ya riƙa juya takarda don Injiniya ya gani ta gilashi. Likita ya ce aikin idon ba wuya, sai dai hutun 'yan makonni. Ya ƙi.

"Wuƙar yake tsoro?" Edita ta tambaya.

"Ina fa," in ji yayar. "Tsoronsa wani ya zauna a kujerar, mutane su yi ta cin abincinsu ba su ma lura an canza ba."

Tun daga ranar Edita ta rasa ɗan jin daɗin da ya rage mata, wato tsanarsa da zuciya ɗaya. Yana zaginta, tana ƙara wa takardunsa girman haruffa. Da ya lura, sai ya ce a gaban kowa, "Auta ta ɗauka allon 'yan aji ɗaya take rubutawa." Bai dai ce ta rage ba.

Ranar da abin ya faru, an wuni ana ruwa. Jar fitilar da ke saman ƙofa ta kama, alamar yana kan iska, yana tsakiyar labarin taron manoma, sai aka bugo waya: gadar hanyar kasuwa ta tsage, ana so a sanar maza-maza kada motoci su bi. Manaja da kansa ya sauko yana haki. Kafin Edita ta buɗe baki, ya fizge takardar daga hannunta, ya tura ƙofar ɗakin karatu a hankali, ya ajiye a gaban Maƙogwaro, ya fito yana murmushin wanda ya yi aikin lada.

Ta gilashi suka ga ya ɗauki takardar. Ya kawo ta kusa da fuska, ya tuna ana kallonsa, ya mayar da ita nesa. Ɗakin ba taga, bangonsa soso ne mai haɗiye sauti, kujera ɗaya, makirufo ɗaya, daidai yadda ya so.

"Masu sauraro," ya ce, muryar nan ba ta ko girgiza ba, "yanzun nan wani labari ya iso mana. Labari ne mai muhimmanci. Muhimmancinsa kuwa ya shafi kowa da kowa."

"Yau kuma wane salo ne?" Manaja ya ce.

"Yana jiƙa shi ne kafin ya tauna," in ji Injiniya.

"Labari ne," Maƙogwaro ya ci gaba, "da ya kamata babba da yaro su kasa kunne..."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Hannunsa na hagu ya tafi kunne yana lalube, inda abin da ya sa aka cire ya kamata ya kasance.

Edita ta ga komai a shimfiɗe. Idan ta yi shiru kaɗan, Manaja zai gane, gobe kujerar ta zama ta wani, ta huta da Auta har abada. Sai dai akwai motoci a hanyar kasuwa, akwai kuma yayarta, wadda za ta zauna da shi a falo safe da yamma har ƙarshen rayuwa, ba makirufo tsakaninsu.

Ta tura ƙofa ta shiga. Takalminta ya yi ƙwas-ƙwas a kan katako. Ya san takun.

"Ga editarmu da cikakken bayani," ya ce, kamar da shi aka shirya.

Ba kujera, sai ta sunkuya ta gefen kafaɗarsa ta karanta. Muryarta ba ta kai rabin tasa ba, amma an ji gada, an ji kada a bi.

Da fitila ta mutu, ya fito yana share wuya da hankici, ya tsaya inda kowa zai ji.

"Na ba ki dama don ki koya, Auta, kin haɗiye rabin kalmomin kamar ana bin ki da sanda. Numfashi ake yi kafin jimla, ba a tsakiyarta ba."

"Na gode, Yallabai."

"A'a, ai abin ya yi kyau!" Manaja ya ce yana tafa hannu. "Murya biyu, namiji da mace, ga armashi. Daga yau duk labarin da ya shigo ana kan iska, haka za a riƙa yi. Injiniya, a sa mata kujera a ciki."

"Ɗakin ba zai ɗauki kujera biyu ba," Maƙogwaro ya ce.

"To ta tsaya. Ai ta iya."

Edita ta dubi ɗakin ta gilashi, ta auna ɗan wurin da za ta riƙa tsayawa a bayan kafaɗarsa har ɗayansu ya yi ritaya.

Da aka tashi, ƙwan fitilar matakala ya ƙone, ga duhun hadari. Ta tarar da shi tsaye a saman bene yana gyara maɓallin hannun riga, wanda ba abin da ya same shi. Ta wuce gabansa, ta fara sauka.

"Wannan takalmin naki," ya ce daga baya, "kamar jaki a kan kwalta. Mace da girmanta."

"Gobe zan sa mai roba, Yaya."

Ta ji takunsa a baya, yana bin ƙarar takalmin a cikin duhu.

"Bar shi," ya ce. "Rage sauri."