A Kawo Shi Kafin Ƙarfe Biyu

Rajistara na cikin jera takardun umarnin kotu sai wayarta ta yi ƙara. Mai kai sammaci ne, yana magana da ƙyar kamar wanda aka shaƙe.

"Anti, cikina ne. Tun asuba nake zarya."

"Jiya da muka tashi ai garau kake."

Ya sassauta murya ya ce, "Anti, 'ya'yana biyar."

Ta ajiye wayar. Ba ta ga laifinsa ba. Kwana goma sha tara ke nan da aka kama shugaban direbobin manyan motoci bisa umarnin Minista, bayan yajin aikin da suka yi. Dokar da majalisa ta yi ta ce ba a tsare mutum fiye da kwana biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. Lauyan gwamnati ya ce batun tsaro ne, babu ruwan kotu. Da safen nan Mai Shari'a ya yanke hukunci: a kawo mutumin gabansa kafin ƙarfe biyu. To amma takarda ba ta da ƙafa, sai an kai ta inda jami'an tsaro ke tsare da shi.

Ta sami Mai Shari'a a ofishinsa ya cire tabarau yana murza idanu. Ta gaya masa mai kai sammaci ba zai zo ba.

"Ni ba ni da soja, ba ni da mota mai jiniya," in ji shi. "Majalisa ta rubuta doka, na faɗi abin da dokar ta ce, saura su aiwatar. In takardar nan ta kwana a durowa, ba sai sun rufe kotu ba, mu muka rufe ta da hannunmu. Amma ba zan ce ki je ba. Ba aikinki ba ne."

Ya ɗauki kofin ruwa, ta ga ruwan yana rawa a ciki. Shekara goma sha ɗaya tana aiki da shi, ba ta taɓa ganin haka ba. Wannan ya fi komai tsinka mata zuciya.

"Zan je, ranka ya daɗe."

A baranda matar direban ta tare ta, idanu sun yi luhu-luhu. Ta cusa mata ledar magani a hannu. "Yaya, ciwon sukari gare shi. Ko ba su sake shi ba, a ba shi wannan."

A cikin tasi ta kira maigidanta.

"Ke da hawan jini?" Muryarsa ta tashi. "Kin manta 'yarmu a ma'aikatar Ministan nan take aiki? Faɗan da ya fi ƙarfinka..."

"Ka mai da shi wasa, na sani. In uku ta yi ban kira ba, ka ɗauko yara daga makaranta, ka kai su wajen Inna."

Mai tasi da ya ji inda za su sai ya kashe rediyo. Tun daga nesa ya tsaya, ya ce tayarsa ba ta son hanyar can. Ta taka sauran da ƙafa, katanga mai waya a gefenta, ba kowa a titin sai ita da ƙarar takalminta.

A bakin ƙofa aka karɓe wayarta da katin aikinta. Wani mai bindiga ya zazzage ledar maganin, ya shinshina, ya mayar. Aka shigar da ita wani ɗaki marar taga, benci ɗaya da fanka da ba ta juyawa, aka ja ƙofar. Ta ji an murɗa makulli.

Nan ne tsoron ya sauko mata sosai. Ba wanda ya rubuta sunanta a littafin shiga. In aka ce ba ta zo ba, wa zai ce ta zo? Daga can ciki wani ƙarfe ya bugu, wani ya yi tari mai tsawo. Ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta koma farko. Gumin tafinta ya fara jiƙa ambulan ɗin takardar kotun, ta ɗora shi a cinya don kada tawada ta ɓaci.

Agogon hannunta ya nuna ɗaya saura kwata lokacin da aka kai ta wajen shugaban wurin. Ta zaci za ta ga ƙato mai jajayen idanu, sai ta tarar da wani siririn dattijo mai furfura. Ya karanta takardar sau biyu, ya ture ta gefe.

"Hajiya, ni daga sama nake karɓar umarni."

"Yallaɓai, ni 'yar aike ce." Ta nuna takardar da yatsa. "Ka sa hannu ka karɓa, ko ka rubuta cewa ka ƙi. Ko wanne ne, da sunanka zan mayar."

"Barazana kike yi min?"

"Ni? Dubi hannuna."

Ya duba. Rawa yake kamar mazari. Ya ja tsaki, ya ɗauki wayar tebur ya buga. Daga inda take tana jin ihun da ake yi a ɗaya ɓangaren. Dattijon ya miƙe tsaye, kamar mai maganar yana ganinsa.

"E, ranka ya daɗe. Na fahimta. Ba za a fitar da shi ba." Ya dubi takardar. "Sai dai akwai takardar kotu a gabana. Ina roƙon a turo min naku umarnin a rubuce, da sa hannun mai girma Minista."

Ihun ya tsaya cak. Can sai ƙit, an kashe.

Ya zauna a hankali, yana riƙe da kan wayar. Suka jira minti goma, ba wanda ya sake kira.

"Kin gani ko? Gaba kura, baya sayaki," ya ce. "Wata bakwai ya rage min in yi ritaya. Ran da majalisa za ta kira mu bincike, shi zai ce bai taɓa jin sunana ba."

Ya jawo takardar ya sa hannu, har biron ya huda ta.

Aka fito da direban, ya rame, wandonsa ɗaure da igiya, yana ƙifta ido saboda haske. Ta miƙa masa ledar. Ya gane ɗaurin matarsa, ya rungume ta a ƙirji.

Rajistara ta karɓi wayarta, ta nufi ƙofa da niyyar neman tasi. Dattijon ya sha gabanta.

"Ina za ki? Da motarmu za ki tafi, kuma a gaba za ki zauna. Akwai shinge biyu kafin kotu, kuma ba yarana ba ne a wurin. In an tare mu, ke za ki yi magana."

"Yallaɓai, kai ke da bindiga."

"Su ma suna da ita," ya ce, yana buɗe mata ƙofar motar. "Takardar ce ba su da ita."

Ta dubi agogo, ɗaya da minti ashirin. Ta tattare zaninta ta hau, ta zare takardar daga ambulan, ta riƙe ta da hannu biyu daidai gilashi, inda za a hango ta tun daga nesa. Shi kuwa ya zagaya ya shiga baya, ya zauna kusa da fursunansa.